Kwano a Kan Soron Baba

Bandir uku na sayo a Gujungu
da kuɗin riɗin bana.
Ɗanliti kafinta ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa,
ya ce a rushe rufin ƙasan nan,
azara ta gaji, gara ta ci rabonta.

Baba na kan buzu, ko ɗagowa bai yi ba.
"Giginyar da na saro a fadamar Harbo
shekarar da aka yaye ka?
Ku ɗora naku a kai.
Nawa ya zauna."

Sai aka ƙara bulo jeri biyu a kan rawani,
aka gicciya katako.
Zanko guda ya tare hanya, aka sare shi,
Baba ya tashi ya tafi masallaci
alhali ko azahar ba ta yi ba.
Ƙusa mai hula cike da bakin Ɗanliti,
yana zaro ta ɗaya-ɗaya,
guduma na amsawa har bayan gari.

Inna ta tsaya da faifan kuɓewa a hannu:
"To ni ina zan yi shanya?"
Shekara talatin saman nan ne ya raba ta da awaki.
Babu wanda ya ba ta amsa.

Indararo ya zauna baki buɗe,
aikinsa ya ƙare, ƙadangare ya tare a ciki.

Daren da ruwan farko ya sauka,
gidan Tanimu mai kwano zalla
sai da ihu miji ke jin matarsa.
Namu kuwa, ƙasar da ke ƙarƙashi ta haɗiye ƙarar,
sai wani gunji can sama
kamar ana daka a unguwar nesa.

Na ji motsi cikin duhu.
Baba ne, da tsohuwar ƙwaryar nan mai ɗinki,
ya ajiye ta daidai inda ta saba zama,
gefen gado, wajen ƙafa,
ya koma ya kwanta yana sauraro.
Ɗigon bai zo ba.
Shi ma barcin bai zo ba.

Da asuba ya ɗaga ƙwaryar, ya shafa cikinta,
ya kife ta.
"Kwanonka ya yi," in ji shi.
"Amma bari bazara ta dawo,
ka shigo da rana tsaka
ka ji wanda ke riƙe da sanyin."