Lambobi Huɗu a Kasuwar Guanghua

A hawa na uku na kasuwar Guanghua,
ruwan Taipei na dukan gilashi tun safe,
Madam Tsao ta ɗaga sandar ƙwaƙwalwar kwamfuta ga fitila,
ta ce, "Karanta min abin da ke jikinta."
Na ce, "Sha shida, sha takwas, sha takwas, talatin da shida."
"Me suke ƙirgawa?"
Na ce, "Gudu."
Ta ce, "Jira suke ƙirgawa, yaro. Ja kujera."

Mahaifinta magani ya sayar a Lukang,
bango guda durowoyi, jeri bisa jeri,
kowace da saiwarta, kowace da warinta.
"In aka zo neman busasshen ɓawon lemo,
sai ya jingina tsani ga jerin, ya hau:
wannan jira, lamba ta biyu.
Ya ja durowa, ɓawo ya iso tafin mai saye:
ta farko ke nan.
Ta uku, sauka da ɗauke tsani zuwa wani jeri.
Ta huɗu kuwa, ko gobara ake,
ba ya barin jeri sai ya mayar da abin da ya taɓa."

Da la'asar Wen-bin ya shigo, hular kwano na ɗiga,
ya zube kuɗin kwana goma na kai abinci a babur
kan sabuwar sanda mai walƙiya.
Dubu uku da ɗari shida! Tsohuwar ba ta kai ba.
Madam ta juya rasidin taliya, ta yi lissafi a bayansa:
sabuwa taku sha takwas, gajeru,
tsohuwa taku sha shida, dogaye,
ƙofa ɗaya suka iso, lokaci ɗaya,
goma cikin biliyan na daƙiƙa.
"Hanyar ta ɗan ƙara faɗi, gaskiya ne.
Amma mai buɗe ƙofar bai ƙara sauri ba."
Ya saya duk da haka. Yana son fitilun.

Daren nan ban tafi gida ba.
Na matse sha shida ta koma sha huɗu,
na ƙara mata wuta kaɗan, kamar gishiri a miya,
na sa gwaji, na zauna da shayi mai sanyi.
Fanka na huci. Zagaye ɗaya lafiya. Biyu lafiya.
Na fara shirya yadda zan faɗa mata.
Ƙarfe uku da minti goma,
jan layi guda ya tsaga shuɗin allo:
an aiki ɗaya, sifili ya dawo.
Ɗigo ɗaya tak, cikin teku.

Da safe ta dubi layin, ba ta yi faɗa ba.
"Baba ma ya taɓa ja kafin ƙafarsa ta zauna a tsani.
Durowar maƙwabciya ya buɗe.
Kwana biyu wani masunci yana zarya bayan gida."
Ta yi dariya har ta cire tabarau.
"Sauri ya haifi nawa, ai ka gani."

Mun tsaya a sha biyar.
Kwana biyu tana gwaji, ba ja ko ɗaya.
Ribar: uku cikin ɗari, in an auna.
Ido ba ya gani.
Ni dai ina ji a yatsa, ko ina zaton ina ji.
Madam ta rubuta lambobin a farar takarda,
ta manna a bango, kusa da hoton tsohon
yana bisa tsani, hannunsa bai kai durowa ba tukuna.