Tsirkiya ta Uku

Shekara arba'in jitar Anacleto tana riga shi zuwa shagona.
Yaro ke kawo ta, nannaɗe da tsohon bargo,
da 'yar takarda: Belmiro, tsirkiya ta uku tana ƙarya.

Na fara ganinsa ya sauko daga motar Penedo,
takalminsa ya buɗe baki, aljihunsa ya yi shiru.
Mawaƙan Riyo a lokacin suna wage maƙogwaro
kamar masu kiran kwalekwale daga hayi.
Shi kuwa waƙa yake kamar mai faɗa wa matarsa sirri
a ɗakin da jariri ke barci.
Babban yatsa yana riƙe da tafiyar samba,
sauran suna makara da gangan,
sannan su iso daidai.

Wani mai gidan rawa a Lapa ya ce,
ka ɗaga murya ko ka kama hanya.
Ya kama hanya.

Sai faifai ya fito. Sai rediyon mai aski ya ɗauka,
sai direbobin tasi suka fara feɗuwa da ita.
Aka ce sunan abin bosa noba.
Ya ce shi dai kiɗa yake yi a hankali.
Ya tafi ƙasashen ƙanƙara, ya dawo da babbar kwat
da tsaga a cikin jitar, tsawon ɗan yatsana.
Kwana tara ina lallaɓa ta da manne.
Zulmira ta tafi a wannan damina;
wannan tsagar ba aikina ba ce,
shi ya ɗinke abarsa da baiti huɗu.

Daga baya samari suka jona jitarsu da lantarki.
Ya koma otal a bakin teku,
yana kaɗa wa baƙi masu ɓare jatan lande,
cokula sun fi shi amo.
Bai ƙara murya ba ko da ƙwayar gishiri.

Jiya 'yarsa Iracilda ta kawo ta da kanta,
babu bargo, babu takarda.
Ta ce a gyara, a rataye.
Na shafa wuyan katakon, na tarar da kwarmi
inda babban yatsansa ya ci itace.
Na sa nawa, bai cika wurin ba.

Na ce mata lafiyarta ƙalau.
Na rufe shago da wuri.
Ta uku ce kawai na taɓa,
ta ɗan sauka kaɗan, yadda yake so,
na bar ta haka.