Farar Ƙasa

Ni ne mai shafe bango a Bolari.
Bokiti ɗaya, buroshi mai guntun gashi,
da takardar da Sakatare ya sa wa hannu:
duk abin da ba a ba da izininsa ba, a rufe.

Akwai waɗanda ba na taɓawa.
"Ba a fitsari a nan."
"Wannan gida ba na sayarwa ba ne."
Lambar mai maganin basir,
fuskokin 'yan takara, wata kan wata,
har bango ya yi kanta kamar tafin ƙafar manomi.
Waɗannan, an ce, ba ƙazanta ba ne.

Wata Talata, bayan asuba,
na gangara kwarin da ruwa ya ci,
inda aka zuba siminti don a tsare gidaje,
sai ga yara goma sha biyu a jikin bango,
sun yi sahu, riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya,
kowa kansa kwaɗon ƙofa ne, a kulle.
Na sha uku ya juya musu ƙeya,
kansa a buɗe kamar masaki,
balbelu na tashi daga ciki.

Ja, shuɗi, da wani kore mai ƙyalli.
Na san wannan kore.
Ragowar fentin mota ne, gindin gwangwani,
daga garejin da ɗan ƙanwata ke koyon feshi.
Na kuma san hannun:
Babayo ne ke lanƙwasa kunne kamar lamba uku
tun yana aji biyu, yana ɓata min bayan rasit.

Da dare na same shi yana wanke yatsu da kananzir.
Bai musa ba.
Ya ce, "Kawu, sau uku na zauna jarrabawa.
Kowa na da rigar da ya ɗinka min,
ba wanda ya auna kafaɗata."
Ya ciro waya mai tsagaggen gilashi,
ya nuna min wani lungu, wai a Koriya,
bango ya yi fure tun daga ƙasa har taga.
"Su ma, Kawu, an ce karatu ya hana su barci.
So ake su fito kamar bulo daga inji guda.
Sai su jira dare."

Na ce, "Can ƙasarsu ce.
Nan in ka fita sahu, uwarka za a tambaya."

Ya goge hannu a wando, bai ɗago ba.
"An ce kai ka zana ɗawisun nan
a bayan motar katako ta Alhaji Bakoji,
wanda har Kumo ake tsayawa kallo."

Ban ce komai ba.
Shekara ashirin da shida ke nan.
Motar ma ta zama gidan kaji.

Washegari na ɗauki bokiti,
don tuwon gidana a cikinsa yake.
Na tsaya gaban na sha uku
har rana ta fara cizon wuya.
Sai na je famfo na ƙara ruwa.
Na sake ƙarawa.
Farar ƙasar ta koma kamar kokon talaka,
na shafa a hankali, sau ɗaya tak,
yadda ake lulluɓa mai barci.

Sakatare ya zo a kan babur,
ya leƙo daga saman gada, ya ga fari,
ya sa hannu, ya wuce.

Yanzu kullum ta nan nake bi.
Koren ya fara nunawa ta ƙasa
kamar jijiya a bayan hannu.
Jiya hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.
Babayo bai tambaye ni ba,
ni ma ban gaya masa ba.
Mu biyu dai muna yawan kallon sama.