Murfin Kaifi

Ƙarfe biyar da rabi, garin Oulu bai farka ba.
Duhu a nan ba baƙo ba ne, shi ne mai gida.
Tsoho Reino na zagaye fili da motarsa,
yana shafe zanen jiya da ruwan zafi.
Ni ina jingine da katanga, shayina ya huce,
ina jiran Vilja.

Ta ƙara tsawon yatsu uku tun bazara,
kuma ba wanda ya yi shawara da ita.
Ƙafar da ta san hanyar iska tun tana 'yar tara
yau ta zama baƙuwa a jikinta.
A Tampere ta tashi juyi uku, ƙanƙara ta karɓe ta da kwatangwalo.
Kiɗa bai tsaya ba. Kiɗa ba ya tsayawa.
Ta miƙe da murmushin da na koya mata,
na ji kunyar koyarwar.

Tun daga ranar, in ta tashi sama
sai ta buɗe hannu kafin lokaci,
kamar wadda aka kira sunanta daga baya.

Mahaifinta ya tare ni a wurin ajiye motoci,
dusar ƙanƙara na taruwa a kafaɗarsa.
Ya lissafo kuɗin takalmi, kuɗin wasa kaifi, kuɗin ɗinki,
ya ce, Kyllikki, me muke saye?
Na buɗe baki. Tururi kawai ya fito.

Na mayar da ita juyi ɗaya, tsallen 'yan shekara shida.
Ta dube ni kamar na mare ta.
Na ce sake. Ta sake. Na ce sake.
Kwana goma sha ɗaya ba ta gaishe ni ba.

Aatos na zaune gefena, ƙafarsa cikin filasta,
kakarsa ta ƙare tun Nuwamba a kan matakalar makaranta,
ko a kan ƙanƙara ma ba a karye shi ba.
Na ba shi fensir, na ce ƙirga mini saukarta.
Rannan na leƙa takardar:
bai rubuta faɗuwa ko ɗaya ba,
sai daƙiƙun da take yi kafin ta tashi.
Huɗu. Uku. Uku. Biyu.
Shekara talatin ina wannan aiki
ban taɓa tunanin ƙirga wannan ba.

Ban gaya musu cewa gwiwata ta hagu
tana sanar da ni sanyi kwana guda kafin ya iso ba,
ko cewa ni ban tashi ba a nawa lokacin,
sai da mutum biyu suka ɗauke ni.

Daren gasar ƙarshe ta ce, mu sa ukun?
Zuciyata ta ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Bakina ya ce, ƙafarki ce.

Ta cire murfin kaifinta ta miƙo mini,
robobi biyu jajaye, da sauran ɗumin hannunta.
Iyakar abin da koci ke riƙewa ke nan.
Daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar fili
ba inda muryata ke kaiwa.

Ta tashi. Na daina numfashi.
Ɗaya, biyu, na ukun da ƙyar,
ta sauka a karkace, yatsunta suka shafi ƙanƙara
kamar mai taɓa goshin mara lafiya,
ta wuce.

Alƙalai sun ba ta ta goma sha ɗaya.
Mahaifinta bai tafa ba, ya rufe fuska da hularsa.
Ta iso tana haki, hancinta na zuba,
ta ce, kin gani?
Na ce, kafaɗarki ta dama ta riga ki.
Ta yi dariya, ta karɓi robobinta.

Gobe ƙarfe biyar da rabi
Reino zai shafe komai.