Hili Na Sha Bakwai

Iri shida na hatsi muka shuka bana a bayan Tawa,
kowane sau huɗu, kada ƙasa ta yi mana wayo.
Ban zaɓa wa kowa makwanci ba.
Takarda na yayyaga cikin hular Nomau mai gadi,
ya rufe ido ya ɗebo.
Inda ƙuri'a ta jefa iri, nan ya tsira.

Da kaka muka bar layin gefe,
ya sha rana da iska fiye da rabonsa,
ba a karɓar shaidarsa.
Na tsakiya muka yanke, muka shanya
har zangarniya ta yi amo a hannu,
don raɓa ma nauyi gare ta, sikeli kuwa bai tambaya.

Sai hili na sha bakwai.
Kilo goma sha ɗaya!
Ƴan'uwansa uku: shida, biyar da rabi, shida.
Na goge tabarau, na sake ɗorawa.
Zuciyata har ta kama hanyar Yamai da albishir.
Nomau ya tona ƙasar da babban yatsan ƙafa:
"Madam Barira, nan garken Jaɓɓo ya yi wata biyu da rani."
Ashe kashin shanu na auna.

Daren nan ni da fitila da kaye.
Na tara, na raba, na fidda matsakaici.
Na gwada ratar da ke tsakanin iri da iri
da wadda ke tsakanin ƴan ɗaki guda.
Ta farko ta fi, amma da ƙyar,
fifikon da sa'a tsagwaronta kan kawo
sau ɗaya cikin takwas.
Mu kuwa ba mu buɗe baki
sai ta koma ɗaya cikin ashirin.

Da safe ya tare ni bakin rijiya.
"To, sabon ya hi namu?"
Na ce da alama. Na ce sai baɗi.
"Baɗi," in ji shi. "Rumbuna bai san ta ba.
Tiya nawa zai ƙara min?"
Na nuna masa lamba biyu, gaskiya na tsakaninsu.
Ta saman ta kai a yi guɗa.
Ta ƙasan bai ce komai a kanta ba,
ya dai daɗe yana kallonta.

Da la'asar na hango shi a layin gefe,
cikin rabon tsuntsaye,
yana cusa zangarniya uku a hannun riga.
Na duba kaye.
Babu gurbin da zan rubuta wannan.