Makullin Fijo

Fijon da Baba ya bari ta girme ni da damina biyu.
Har yau tana hawan tudun Gangare ba turi,
sai dai in ta kai tsakiya ta yi gyaran murya
kamar mai son a ba shi wuri a sahu.

Ita ba ta ba ni kunya. Makullinta ke ba ni.
Kansa ya fashe tun ina firamare,
Baba ya naɗe shi da robar tayar keke,
ni kuma na bi da salatif, baƙi kan baƙi,
har ya koma kamar yatsan da aka ɗaure wa ciwo.

Ranar sunan ɗan Ilu
abokai suka zube nasu a kan tabarma,
masu maɓalli, masu ƙyalli,
wani in an danna shi mota ta amsa daga tsallaken titi.
Na tura nawa can ƙasan aljihu,
ƙarƙashin ɓarin goro da rasit ɗin wuta.

Asabar da hantsi na gangara Dilimi.
Rumfa bakwai, dariya bakwai.
A ta takwas Nduka ya ce,
"Oga, wanda ya ƙera motar nan ma ya daɗe a ƙasa."
Duk da haka ya juye gwangwanin madara a kan benci,
makullai suka watse kamar ƙananan kifi,
ya tona, ya tona, ya ɗago guda:
fari tas, ba a taɓa yanka shi ba,
ga zaki tsaye da ƙafa biyu a kansa.
Dubu shida. Na ce albarka ta fi yawa.
Muka rabu a huɗu da rabi, kowa na cewa an cuce shi.

Sallau mai yanka yana bakin Taminus,
ƙarƙashin lemar da ruwan Agusta ya cinye wa launi.
Injinsa ya yi kuka, garin ƙarfe ya zuba a cinyarsa,
haƙora suka fito reras, masu kaifi,
irin na saurayin da bai san ciwon haƙori ba.

Na zura shi. Ya shiga.
Na murɗa. Ya ƙi.
Na yi bisimilla, na sake murɗawa,
Fijo ta yi shiru kamar ba da ita ake ba.

Sallau ya leƙo ta taga, ya karɓi tsohon, ya ɗaga shi sama.
"Laifina ne," in ji shi, "na gyara abin da ba a ce in gyara ba.
Shekara arba'in suna cin juna, shi da ramin,
kowa ya san giɓin ɗan'uwansa.
Sai mun tsufar da wannan."

Ya ɗauki magagari.
Haƙori ɗaya, ya gwada. Haƙori biyu, ya gwada.
Ina tsaye ina kallon dubu huɗu da rabi
tana zuba ƙasa kaɗan-kaɗan,
har 'yan Keke suka gaji da yi mana hon.
Ana kiran la'asar ta yi tari, ta kama.

Da dare na zauna ɓare salatif daga tsohon,
don in jefa shi cikin akwatin ƙusoshi.
A ƙarƙashi na tarar da ƙullin Baba,
irin wanda yake wa bakin buhun dankali,
da wani ɗan kwari a robar
daidai inda babban yatsansa ke zama.
Na sa nawa. Bai cika wurin ba.

Yanzu mai zakin ke lilo a hannuna,
shi nake ajewa a kan tabarma.
Amma ran da sanyin Jos ya kwana a cikin ƙarfe
yakan cije, ya ƙi juyawa,
sai in koma ɗaki da silifas,
in sauko da tsohon daga ƙusar da hular Baba take.