Tarin Baba

Ƙarfe biyun dare a Dongguan,
kekunan ɗinki sun yi shiru,
'yan ɗakinmu bakwai sun yi barci.
Ni kaɗai cikin bargo
ina yi wa tarin Baba duba a waya.

Na rubuta: tari wata uku, da rama, da gumin dare.
Ta zubo mini amsa dubu.
Wannan ta ce mura ce, a sha ruwan zafi,
ta ƙasanta ta ce daji ne, a shirya.
Ban san wa ke likita ba, wa ke talla,
duk kayansu iri ɗaya.

Can ƙauye, bayan Mianyang,
Baba ma da tasa, ni na saya masa
don in riƙa ganin fuskarsa ran hutu.
Ashe baƙo na kai masa har ɗaka:
wani mai farar riga da gemun auduga
yana ɗaga kwalba, yana rantsuwa da kakanninsa,
wai saiwa goma sha biyu, huhu ya koma sabo.
Baba ya sayar da lemon bishiya huɗu,
ya sayi kwali shida, har da ragi.
Inna ta ce warinsa ya kori kyanwa daga madafa,
tarin kuwa ko gezau, bai ja da baya.

Na ce, Baba, mu je Chengdu.
Ya ce, Yuzhen, ni ma na iya dubawa.
Na ga abin da gado ke ci a kwana guda.
Ba zan haɗiye kuɗin makarantar jikana ba.
Muka yi shiru, kowa da hujjarsa a tafin hannu.
Rijiya ɗaya muka sha, ta raba mana hanya.

Ba ni na shawo kansa ba.
Wani tsoho ne, Gou, da bai taɓa gani ba,
ya ɗauki kansa yana hawa bene, yana haki, yana dariya,
ya ɗaga riga ya nuna tabon aiki,
ya karanta abin da inshora ta biya.
Baba ya kalla sau tara, Inna ce ta ƙirga.
Da asuba ya kira: kama mini layi.
Na kama, lamba talatin da ɗaya.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni ba.
Baba ya miƙa mata waya, ya tara mata hotuna arba'in.
Ta karɓa da hannu biyu, ta kife a kan tebur,
ta ɗumama abin awo a tafinta,
ta ɗora masa a gadon baya.
Ta ce, Kawu, ja numfashi.
Ya ja.

Sakamako sai Alhamis.
A jirgin ƙasa na ga hannunsa ya nufi aljihu,
na riƙe shi. Bai ƙwace ba.
Shinkafa tana wucewa ta taga,
ya ce, ka ji mutane, sun makara da shuka bana,
ya yi tari,
muka ci gaba da tafiya.